Aska ta Shida

Ran nan jikata Rukayya ta shigo ta same ni a bakin ɗaki da riga a cinya. Ta tsaya tana kallona, can ta ce, "Kaka, wai wannan ne aikin da kike cewa yana gajiyar da ke? Ai zama ne kawai." Na ce, "To zo ki taya ni zaman." Na miƙa mata ƙyalle da allura. Ba ta cika ɗinkin tsawon ɗan yatsa ba ta soke kanta sau biyu, ta ce wayarta na ƙara, ta gudu. Wayar kuwa ko tari ba ta yi ba, kunnena ƙalau yake. Saboda ita da ire-irenta nake wannan bayani, ku da kuke ganin inji ya zuba aiki a kan shadda cikin yini ɗaya, kuna zaton haka riga take samuwa.

A Limancin Kona aka haife ni, a nan aka yi mini aure, gida huɗu ne tsakanin gidanmu da na Malam, maigidana. Bokona bai yi nisa ba, fita ma ba ta dame ni ba, in dai akwai wanda zan yi hira da shi a tsakar gida to duniya ta ishe ni. Ɗinkin hannu na babbar riga a wurin Gwaggo Asabe na koya, ƙanwar babanmu. Shekarata ta farko ba ta bar ni na sa allura a rigar kowa ba. Aikina warwara. Za ta ɗauki aikin manyan 'yan matan da ke koyo a wurinta, ta bi shi da babban yatsa, duk inda ɗinki ya karkace ko zare ya yi sako-sako sai ta ɗiga masa alli. Ba ta faɗa, ba ta zagi, alli kawai. Ni kuma in zauna da rabin reza da kan allura ina cire duk inda aka ɗiga, zare ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na taɓa jikin yadin ba. A nan na koyi abin da ya fi komai a sana'ar nan: shadda tana ɗaukar warwara sau biyu. In aka cire ɗinki a wuri guda sau biyu, ramukan allura sun buɗe, yadin ya yi laushi. Aka ƙara na uku, sai ya yage, kuma babu mai iya ɓoye yagewa a ƙirjin riga.

Kayan aikin ba su da yawa, duk a gwangwani ɗaya suke shiga. Allura uku, babba da matsakaiciya da siririya. Reza, alli, ɗan guntun fata da ake ɗaura wa yatsa, sai zare, siliki ko na tsamiya, wato silikin gargajiya mai tsada, in mai riga ya isa. Amma tsabtar da ke biye da su ita ce wahalar. Ba a cin goro kusa da farar shadda. Ba a tashi daga murhu a taɓa ta. Farin zane ake shimfiɗawa a cinya kafin a ɗora ta, in yaro ya rarrafo da hannun miya kuwa, ƙafa ake sa wa a tare shi.

Riga kafin ta hau jikin mai ita, hannu da yawa take bi. Tela ya haɗa, mai zane ya zana da tawada, mu mu cike zanen da zare, masu bugu su buge ta har ta yi ƙyalli. Amma cikon nan namu, abin da ake alfahari da shi shi ne a ce hannu ɗaya ne ya yi shi daga wuya har aljihu. Kowace mace da girman ɗinkinta da yadda take jan zare, kamar murya. Wadda ta karɓi aiki da sunanta sannan ta raba wa 'yan koyo a ɓoye, in aka gane, ta gama samun babban aiki a cikin birni. Mai ganewar kuwa a unguwarmu ita ce Hajiya Kande dillaliya, wadda ke kawo mana aiki daga wurin masu riguna ta kuma mayar. Ba ta taɓa riƙe allura ba, amma in ta juya riga ta bi bayanta da yatsa, za ta gaya miki ranar da kika yi faɗa da maigida.

Mai yi mini zane tun farko yayana ne, Yaya Garba. Yana zana tambari, wato da'irar nan mai naɗewa, da hannu sake, ba ya auna komai, kuma ta fito daidai. Yana ɗan shekara talatin da 'yan kai hannunsa ya fara nauyi, ƙafarsa ta fara ja. Aka ce sanyi ne, aka sha jiƙo. Aka ce iska ce, aka yi rubutu aka yi hayaƙi. Daga baya ya ajiye alƙalami, ya koma zaman zaure yana sayar da ashana da sabulu. Mun ɗauka abin nasa ne shi kaɗai.

Rigar Malam Shehu hedimasta ita ce ta shekarar da na sha wuya. Hajiya Kande ta shigo da ita a naɗe cikin tawul, ta ce, "Uwani, wanke hannunki sau biyu. Farar shadda ce, matarsa ta saya masa kafin ta rasu, shekara huɗu tana akwati. Autarsa zai aurar bayan Babbar Salla, ita yake son sawa ranar ɗaurin aure. Aska takwas yake so. In kika ɓata ta babu wata a kasuwa, don ba kasuwa ce ta ba shi ba." Aska takwas zane ne mai dogayen tsinaye takwas a ƙirji, kowanne mai faɗi daga gindi ya tafi yana sirancewa. Na yi shi ya fi a ƙirga. Na ce mata wata biyu ya ishe ni, ga wata huɗu a gabanmu.

Lokacin ina da shekara arba'in ba ɗaya. Na ɗan jima ina jin yatsun ƙafata na hagu suna murɗewa in na daɗe a tsaye, ban kula ba. Aska biyar na farko suka tafi lafiya, sai dai na lura ina daɗewa. A ta shida ne Hajiya ta leƙo duba aiki. Ta juya rigar, ta bi da yatsa, ta tsaya.

"Wa kika ba?"

"Wa na ba me?"

"Kar ki mayar da ni yarinya, Uwani. Nan hannunki ne. Nan kuma hannun wata ne, mai tsoron allura. Dubi yadda ya faro da girmansa ya tafi yana ƙanƙancewa kamar sawun tururuwa."

Na karɓa na duba a rana. Gaskiyarta. Kowane layi na fara shi daidai, kafin in kai ƙarshensa ɗinkin ya matse ya zama mitsi-mitsi, kuma ban san ina yi ba. Na rantse mata ni na yi. Ta ce, "To in ke ce, gara ma a ce wata ce, don wata ana iya korar ta."

Na ce ido ne. Malam maigidana ya sayo mini tabarau a kasuwa, na warware askar nan tas, na sake. Da tabarau ɗin na ga abin da kyau: ina kallon hannuna yana ƙanƙanta ɗinkin, ina ce masa ya buɗe, yana ƙi. Na sake warwarewa. Sau biyu ke nan. Na ɗaga wurin a rana, haske na ratsa ramukan kamar rariya. Saura mini dama ɗaya, in ta ɓaci rigar ta tafi, sunana ya bi ta. Na naɗe ta na sa a akwati, na yi mako uku ban taɓa ta ba. Hajiya ta aiko sau biyu, na ce a ce mata ana kai.

Malam ne ya ce mu je asibiti. Ya ce, "Jiya ina kallon ki kina tafiya, hannunki na dama ba ya lilo. Haka Garba ya fara." Muka hau Keke Napep tun da safe. Aka tura mu daga wannan layi zuwa wancan har muka dangana da wata likita mai duba ciwon jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, yarinya ce, ba za ta girmi 'yata ta fari da yawa ba. Ta sa na yi tafiya, ta sa na riƙa haɗa yatsa biyu ina buɗewa da sauri, sannan ta miƙo biro ta ce in rubuta mata layi guda.

Na ce, "Likita, ni rubutuna ko ina lafiya ba za ki gane ciwo da lafiya a cikinsa ba. Amma ga wannan."

Na ciro ƙyallen da nake gwaji a kai daga jaka. Ta shimfiɗa shi a tebur, ta bi layin da ido daga babba zuwa ƙarami, ta bi na biyu, ta bi na uku. Ta ce, "Mama, ai kin riga kin rubuta mini. Masu wannan ciwo in suna rubutu haka baƙaƙensu ke ƙanƙancewa." Ta ce sunansa ciwon Parkinson, kuma yawanci tsofaffi yake kamawa. Da ta ji shekaruna, ta ji labarin Yaya Garba, sai ta ajiye biro ta ce, "Babanku da mamarku 'yan'uwa ne?"

Na ce, "'Ya'yan wa da ƙane ne. A ina kika san su?"

Ta yi dariya ta ce ba ta san su ba. Sannan ta yi mini bayani, kuma zan faɗa muku yadda kunnena ya ɗauka, don ni abin da na ji sau ɗaya ba ya ɓace mini. Ta ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, a cikin kowace akwai kayan aiki da ake kira furotin, kullum ana ƙera sababbi, tsofaffi na lalacewa. Waɗanda suka lalace dole a wargaza su a fitar, in ba haka ba su cushe wurin. To akwai wata ƙwayar gado da ake kira Parkin, aikinta ta bi ta sa wa lalatattun alama, don masu wargazawa su san wanda za su ɗauka. Kowa yana gadon ta biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. In ɗaya ce ta samu matsala, ɗayar tana riƙe aikin, mutum ya rayu bai sani ba. In duka biyun ne, sai tarkace ya yi ta taruwa, kuma waɗanda suka fi jin jiki su ne ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu ba da umarnin motsi. Su yi ta mutuwa a hankali, motsi ya yi ta ƙanƙancewa. 'Yan'uwa in suka yi aure, ya fi sauƙi su haɗu kowanne yana ɗauke da irin matsalar guda.

Na ce, "Wato masu warwara suna nan, mai ɗiga alli ce ba ta zo aiki ba."

Ta ce in maimaita. Na ba ta labarin Gwaggo Asabe. Ta ce daga yau da haka za ta riƙa yi wa ɗalibanta bayani. Na ce ta riƙa cewa Allah ya jiƙan Gwaggo in ta faɗa.

Ta ce zato take yi, sai an gwada jini za a tabbatar. An ɗibi nawa da na Yaya an aika wani wuri mai nisa, aka yi watanni kafin amsa ta dawo, kuma ta dawo yadda ta zata. Game da yarana ta ce kowannensu ya ɗauki guda daga wurina, amma tun da Malam ba danginmu ba ne, daga ƙauye iyayensa suka zo, da wuya abin ya same su. Magani kuwa ta gaya mini gaskiya: ba ya warkarwa, ba ya gyara ƙwayar gadon, abin da ƙwaƙwalwa ta rasa yake ara mata na 'yan sa'o'i. Ta ce irin namu yana tafiya a hankali kuma yana jin magani. In sha kafin abinci, kar in haɗa shi da nama ko wake ko nono a lokaci guda, don suna tare masa hanya. Na ce, "Likita, ƙosai fa?" Ta ce ƙosai ya jira rana ta ɗaga.

Da muka dawo saura mako bakwai ɗaurin aure. Ban taɓa rigar ba tukuna. Mako biyu na yi ina gwaji a ƙyalle ina lura da jikina kamar yadda ake lura da tukunya. Na gane in na tashi daga barci jikina ya fi saki, in na ɗora magani a kai bayan sallar asuba, daga fitowar rana zuwa hantsi hannun nawa ne. Bayan azahar ba nawa ba ne, ko na roƙe shi. Duk da haka, ko da safen, in layi ya yi tsawo sai ya fara matsewa daga ƙarshe.

Na je zaure na nuna wa Yaya Garba, shi ma lokacin ya fara shan maganin, har ya fara ɗaure maɓallin rigarsa da kansa. Ya juya ƙyallen ya ce, "Ke, ni in ƙafata ta kafe a bakin ƙofa, ba ce mata nake ta tafi ba. Tsagin simintin nan nake kallo in ce zan tsallake shi, sai ta ɗaga. Ba wa hannun abin da zai tsallaka." Ya sa aka ɗauko masa tsohuwar kwalbar tawadarsa. Dogon layi ya fi ƙarfinsa, amma ɗigo yana iyawa. Muka fito da rigar, na riƙe masa ita a miƙe a kan faifai, ya bi gefen askar ta shida da ta bakwai da ta takwas yana ɗiga mini inda kowace allura za ta shiga. Kwana uku muka yi a kai, da safe kawai. Yana yi yana mita wai ya zana wa manyan mutane tambari, yau ga shi yana ɗige-ɗige kamar kaza. Na ce, "Yi dai, Yaya, kazar ma Allah ya yi mata albarka."

Sauran dabarar kunnena ne ya samo ta. Maƙwabciyarmu Larai mai fura tana fara daka da fitowar rana, ita da 'yarta, taɓarya biyu a turmi ɗaya. Na lura muddin suna daka, hannuna yana bin sautin, wannan ta sauke in soka, waccan ta sauke in ja, ba ya gaggawa ba ya tsayawa. Suna tsayawa sai ya fara rikicewa. Na leƙa ta katanga na ce, "Larai, don Allah in za ku huta ki riƙa yi mini gyaran murya." Ta ce, "Yau ga ikon Allah, shekara goma kina cewa dakana na hana ki barcin safe." Tun daga ranar in za su tsaya sai ta ce, "Uwani, a ajiye!" in soke allura a gefe in jira.

Ranar da na sa allura a askar ta shida ban gaya wa kowa ba. Na ninka zaren ya ɗan fi na sauran kauri don ya rufe tsofaffin ramuka, na kauce musu da kamar faɗin gashi, don in allura ta faɗa tsohon rami zai buɗe ya haɗe da na kusa da shi. Layi huɗu na yi a ranar, abin da a da nake yi kafin ruwan shayi ya tafasa. Askar nan kaɗai ta ci kwana goma sha ɗaya. Rana guda na yi ganganci, aka kawo alala da zafinta na ci kusa da shan magani, hannu ya ƙi zuwa sam, na zauna ina jin Larai na daka a banza. Ban sake ba.

Saura kwana biyar ɗaurin aure na cire allura ta ƙarshe, ga masu bugu suna buƙatar kwana biyu. Na aika wa Hajiya Kande. Ta shigo ko zama ba ta yi ba ta ce, "Malam Shehu ya tare ni a hanya sau uku. Na ce masa ana kai, har na fara jin kunyar kalmar." Ta wanke hannu, ta karɓa, ta fita tsakar gida inda rana take, ta juya rigar. Ta bi aska ta ɗaya har ta biyar da sauri. A ta shida ta rage gudu. Ta bi ta daga gindi har tsini, ta dawo, ta ɗaga ta a rana tana neman haske. Ta wuce ta bakwai da ta takwas, ta sake dawowa ta shida.

"Kin ƙara zare a nan."

"Na ƙara. Sau biyu na warware wurin."

"Wa ya yi?"

"Ni."

"Wancan na ranar fa, mai sawun tururuwa?"

"Shi ma ni."

Na gaya mata komai, da asibiti da magani da ɗigon Yaya da turmin Larai, har da ranar alala. Na ce ciwon ba tafiya zai yi ba, kuma gara ta ji daga bakina kafin ta ji a gidan suna. Na ce in tana so ta gaya wa Malam Shehu, ta gaya masa. Ta ce, "Shi riga ya ce in kawo masa, bai ce in kawo masa labari ba." Ta naɗe ta cikin tawul ɗinta a hankali, ta sa a ƙarƙashin mayafi.

Ta kai bakin ƙofa sai ta tsaya, ta buɗe jakarta ta ciro wata shadda ruwan toka, da zanenta an riga an yi.

"Wannan wata nawa?"

"Biyar."

"Biyar! A da biyu kike cewa."

"A da ke nan, Hajiya. Yanzu safiya kawai nake da ita. In mai ita na sauri, ki kai wa wata, ba zan ji haushi ba."

Ta tsaya tana jujjuya ta a hannu, tana kallon hannuna na dama da ya fara 'yar rawarsa a kan cinya, don azahar ta gabato. Ban ɓoye shi ba. Can ta sunkuya ta ajiye shaddar a kan tabarmata.

"Zan ce masa shida," in ji ta. "Ki daina cin alala."